Digirin digirgir kan kiɗa da wasan kwaikwayo: Hanyar da ke gaban ɗan Kurfi

A shekarar 1975, Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya zama shugaban Jami'ar Bayero ta Kano, ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiana da ke Amurka. Bincikensa gaba ɗaya a kan Alhaji Mamman Shata ne, mutumin Musawa da ke Jihar Katsina. Bayan shekara 13, wato a 1988, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata shi kansa digirin girmamawa.

Duk da wannan tarihi, har gobe idan matashi a Kurfi ko Dutsin-Ma ya ce zai koma jami'a ya shafe shekaru yana nazarin kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo har ya zama dakta, tambaya biyu zai fara sha a gida. Ta farko: me za ka ci da shi? Ta biyu: ɗan dirama za ka zama?

Tambayoyin na da amsa, kuma akwai dalilin da ya sa ake buƙatar 'yan wannan yanki a fagen tun kafin lokaci ya ƙure.

Me ake karantawa?

Digirin digirgir a wannan fanni aikin bincike ne. Ɗalibi zai ɗauki tambaya guda wadda ba a amsa ba, ya shiga gari da ƙauye ya tattaro hujjoji, ya karanta abin da magabata suka rubuta, sannan ya fito da kundin da zai ƙara wa ilimi wani abu sabo.

Mai yin sa ba dole ba ne ya iya rawa ko ya taɓa fitowa a fim. Akwai mai nazarin tsarin kiɗan fada, akwai mai bibiyar yadda ake amfani da wasan kwaikwayo wajen wayar da kan jama'a kan lafiya ko noma, akwai mai binciken kasuwancin finafinan Kannywood, masana'antar da ake danganta somawarta da fim ɗin Turmin Danya na 1990.

A Najeriya, Jami'ar Ibadan ce ta buɗe hanya. A can ne Joel Adedeji ya kammala digirinsa na uku a 1969 kan Alarinjo, wasan kwaikwayon gargajiyar Yarabawa.

Zariya da Kano

Ga ɗan Katsina, manyan ƙofofi biyu mafi kusa su ne Zariya da Kano. A Jami'ar Ahmadu Bello an fara koyar da dirama a 1975 ƙarƙashin jagorancin Michael Etherton, kuma an gina dandalin wasanta da ƙasa, irin ginin Hausawa.

Malaman Zariya irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah sun yi suna wajen fitar da wasan kwaikwayo daga harabar jami'a zuwa karkara. Malamai da ɗalibai kan shiga ƙauye, su saurari matsalolin manoma, su haɗa wasa tare da su, a nuna a dandali, sannan a tattauna. A ƙarshen shekarun 1970 an yi irin wannan aiki a Soba, an kuma yi a Maska da ke ƙasar Funtuwa.

Jami'ar Bayero ita ma tana da sashen nazarin wasan kwaikwayo, haka Jami'ar Jos.

Akwai kuma wata hanyar da mutane da dama ba su lura da ita ba. Yawancin binciken da aka yi kan makaɗa da wasannin Hausa, ta sassan koyar da harsunan Najeriya aka bi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta nan ya gina sunansa wajen nazarin waƙar baka. Bambancin yana da muhimmanci: a sashen wasan kwaikwayo da Turanci ake rubuta kundi, a sashen Hausa kuwa ana rubutawa da Hausa, ta yadda mutanen da aka yi bincike a kansu za su iya karantawa ko a karanta musu.

Matakai da tsadar hanya

Kafin a ɗauki mutum sai yana da digiri na biyu mai kyakkyawan sakamako a fannin ko wanda ya danganci fannin, da takardar hidimar ƙasa ko ta yafewa. Mai babbar difloma ta HND sai ya fara yin diflomar share fagen digiri na biyu, ya yi digiri na biyun, kafin ya iso nan.

Bayan samun gurbi, ɗalibi zai gabatar da tsarin bincikensa ya kare shi gaban malamai, ya fita tattara bayanai, ya gabatar da maƙaloli a sashe, daga ƙarshe ya kare kundin gaban mai jarrabawa daga wata jami'ar.

A ƙa'ida shekara uku ne mafi ƙaranci ga mai karatu cikakken lokaci. A aikace yakan zarce haka. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, ga kuma ƙarancin malaman da ke duba aikin ɗalibai.

Kuɗin makaranta ɓangare ɗaya ne kawai na ɗawainiyar. Akwai kuɗin mota tsakanin Katsina da Zariya ko Kano, kuɗin na'urar ɗaukar murya da hoto, kuɗin buga maƙala, da goron da al'ada ta tanada a miƙa wa makaɗi ko dattijo kafin ya buɗe baki.

Asusun TETFund na ɗaukar nauyin ƙarin karatu, amma ga malaman manyan makarantun gwamnati kaɗai. A nan ne yankin ke da sa'a: Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011 da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita duk suna maƙwabtaka da Kurfi, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina. Wanda ba malami ba, da aljihunsa zai yi.

Abin da ke jiran mai bincike a gida

Ƙasar Katsina ba ta rasa abin nazari ba. Ban da Shata da ya rasu a 1999, akwai Barmani Choge ta Funtuwa, gwanar kiɗan amada na ƙwarya, wadda ta rasu a 2013.

Waɗannan sun yi sa'a an naɗi muryoyinsu. Makaɗan noma da na maharba da na mahauta da na 'yan dambe da suka yi zamani a ƙauyuka, da yawansu ba wanda ya taɓa ɗaukar ko minti ɗaya na aikinsu.

Haka wasannin da ke da siffar dirama tun kafin zuwan Turawa. A kalankuwa, samari da 'yan mata kan naɗa nasu sarki da alƙali da dogarai bayan an kawar da amfanin gona, su kwaikwayi mulki. A wasan gauta, matan fada kan kwaikwayi sarki da fadawansa, ta nan sarki ya gano abin da ba mai iya faɗa masa ido da ido. Ga tashe da yara ke fara yi daga goma ga watan azumi, ga barkwancin 'yan kama.

Dukkan waɗannan na buƙatar taron jama'a, da dama daga cikinsu da dare. Matsalar 'yan bindiga da ta addabi Kurfi da Safana da Batsari da Dutsin-Ma a shekarun nan ta raba mutane da ƙauyukansu, ta kuma sa taron dare ya zama abin tsoro. Idan gari ya watse, dandalinsa ya tafi, masu riƙe da wasan su bazu a birane. Ko a birnin Kano, 'yan sanda sun sha dakatar da tashe a 'yan shekarun nan saboda dalilan tsaro.

Wa ke rubuta tarihin?

Kaso mai tsoka na abin da duniya ta sani game da wasannin Hausa, baƙi ne suka rubuta. David Ames da Anthony King sun wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Yusef Lateef, shahararren makaɗin jazz na Amurka, ya zauna a Zariya a farkon shekarun 1980, shi da Ziky Kofoworola suka fitar da littafi kan kiɗa da wasannin Hausa a 1987. Janet Beik ta yi nata kan wasan kwaikwayon Hausa a Jamhuriyar Nijar, Carmen McCain kuma ta yi digirinta na uku kan adabi da finafinan Hausa a Jami'ar Wisconsin.

Ayyuka ne masu daraja. Sai dai a halin da ake ciki, baƙo ba zai iya zuwa ya tare wata shida a ƙauyen Kurfi ba. Ɗan gida ya san hanya, ya san wanda za a gaida kafin a shiga gari, yana jin habaici da zambo ba tare da tafinta ba. Mace kuwa tana iya shiga cikin gida ta ji waƙoƙin daka da niƙa da na reno, inda namiji ba shi da iko.

To me za a ci da shi?

Babbar kasuwar mai wannan digiri ita ce koyarwa a jami'a ko kwaleji, inda ci gaban malamin jami'a ya rataya a kansa. Akwai kuma hukumomin al'adu, gidajen rediyo da talabijin, da ƙungiyoyin da ke amfani da dirama wajen faɗakarwa. Guraben ba su da yawa, kuma wanda ya shiga don neman arziki da wuri zai sha mamaki.

Kallon da al'umma ke yi wa fannin shi ma bai gushe ba. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen finafinai a Kano bayan malamai da jama'a sun nuna adawa. Amma a wannan birnin ne Farfesa Abdalla Uba Adamu ya shafe shekaru yana nazarin Kannywood, kuma rubuce-rubucensa na cikin waɗanda masu bincike a ciki da wajen Najeriya ke dogaro da su.

Ga mai niyya, akwai aikin da ba ya jiran takardar shiga jami'a. Wayar hannu ta isa a ɗauki hira da tsohon makaɗi ko tsohuwar zabiya, bayan an nemi izininsu, a rubuta suna da gari da kwanan wata, a adana kwafi a wuri fiye da ɗaya, a kuma ba iyalansu nasu. Ranar da zai zauna gaban malamai a Zariya ko Kano don kare tsarin bincikensa, waɗannan muryoyi ne hujjarsa ta farko.