Allon ɗakin bayar da umarni: Darasin Tudun Biri ga masu rubuta kwangilar soja

A daren 3 ga Disambar 2023, jirgin sojin ƙasa maras matuƙi ya saki bam kan masu Maulidi a Tudun Biri, jihar Kaduna. Hukumar NEMA ta ce an binne mutum 85. Mai sarrafa irin wannan jirgi ba shi da ido sai allo. A 1988 ma, jirgin ruwan yaƙin Amurka USS Vincennes ya harbo jirgin fasinjan Iran, mutum 290 suka rasu, bayan ma'aikatansa sun zaci saukowa yake alhali hawa yake. Saboda haka wajibi ne jami'in Abuja mai tsara sharuɗɗan kwangila ya fayyace abin da allon zai nuna wuri guda: sunan ƙauye, masallaci, coci, ranar kasuwa da lokacin ɗaukar hoton.