Rajista, Fili da Amana: Yadda Ƙabilun Asalin Amurka ke Riƙe Takardun Mulkinsu

A cikin ƙasar Amurka akwai ƙabilu fiye da 570 na mutanen da Turawa suka tarar a nahiyar, waɗanda gwamnatin tarayya ta amince da su a matsayin al'ummomi masu ikon tafiyar da harkokinsu na cikin gida, kuma da yawa daga cikinsu suna da rubutaccen tsarin mulki da majalisa da kotuna da 'yan sanda da baitulmali. Mai karatun da ya san tsarin En'e na Arewacin Nijeriya zai fahimci fasalin abin cikin sauƙi, sai dai mafi yawan shugabannin waɗannan ƙabilu zaɓensu ake yi, kuma ikon da ke hannunsu abu ne da suka gada tun kafin a kafa Amurka, wanda yarjejeniyoyi da hukunce-hukuncen kotu suka tabbatar daga baya. Ƙabilar Cherokee, mai hedkwata a garin Tahlequah na jihar Oklahoma, tana da 'yan ƙasa fiye da 450,000 a rajistarta, ƙabilar Navajo kuwa tana mulki daga Window Rock a jihar Arizona. Gwamnati mai wannan girma ba ta tafiya sai da takarda, kuma tarihin waɗannan al'ummomi ya nuna cewa wanda ya riƙe takardar, ya kuma yanke rukunin da za a saka ta, shi ne yake yanke wane ne ɗan ƙabila, wa ke da fili, wa kuma ake bin kuɗi.

Abin da masana wannan fanni ke nufi da takardar hukuma shi ne duk wani bayani da ofis ya samar ko ya karɓa a yayin aikinsa, wanda zai iya zama shaida kan abin da aka yi, ko a rubuce yake a fallen takarda, ko taswira ce, ko hoto, ko muryar da aka naɗa a zaman majalisa, ko saƙon imel. Suna kallon kowace takarda a matsayin abu mai zangon rayuwa: ana ƙirƙirarta, a yi aiki da ita kullum na wani lokaci, sannan buƙatarta ta ja baya a mayar da ita ma'ajiya, daga ƙarshe ko dai a lalata ta bisa ƙa'ida ko a miƙa ta gidan adana takardun tarihi inda za ta zauna dindindin. Kayan aikin da ke tafiyar da wannan duka shi ne jadawalin adanawa, wato kundin da majalisar ƙabila ke amincewa da shi, wanda ya jera kowane nau'in takarda, da ofishin da ke da alhakinsa, da tsawon lokacin da za a riƙe shi, da makomarsa bayan wa'adin ya cika. Takardun kashe kuɗin tallafin tarayya, alal misali, ƙa'ida ta ce a riƙe su aƙalla shekara 3 bayan miƙa rahoton ƙarshe, amma dokokin majalisa da hukuncin kotu da takardun fili da rajistar 'yan ƙabila ba su da ranar zubarwa. Rarraba takardu rukuni-rukuni kan bi aikin da takardar ta yi, domin ofisoshi suna canza suna, ana haɗe su ana raba su duk lokacin da sabuwar gwamnati ta hau, alhali aikin karɓar haraji ko rajistar haihuwa yana nan yadda yake.

A cikin dukan rukunan babu wanda ya kai rajistar 'yan ƙabila nauyi, kuma a nan ne illar rarrabawar da baƙo ya yi ta fi fitowa fili. A shekarar 1893 majalisar dokokin Amurka ta kafa kwamiti ƙarƙashin Henry Dawes domin rusa mallakar ƙasa ta gama-gari a tsakanin ƙabilu 5 na yankin da ya zama Oklahoma, wato Cherokee da Choctaw da Chickasaw da Creek da Seminole, kuma tsakanin 1898 da 1907 kwamitin ya tsara rajistar da ta ƙunshi sunaye fiye da 101,000 na waɗanda za a yanka wa fili. Akawunan kwamitin sun kasa mutane gida-gida: akwai waɗanda aka rubuta a matsayin 'yan ƙabila ta hanyar jini, akwai Turawan da suka shigo ta hanyar aure, akwai kuma 'yantattun bayi baƙar fata da zuriyarsu. Katin rukunin farko yana da gurbin da ake rubuta adadin jinin ƙabila da mutum ke da shi, rabi ko rubu'i ko sumuni, shi kuwa katin 'yantattun bayi a madadin haka gurbin sunan ubangijin da ya mallaki mutumin aka tanada. Saboda haka wanda mahaifinsa Cherokee ne amma akawu ya dubi launin fatarsa ya ɗauko masa katin bayi, ya rasa gurbin da za a rubuta jininsa, jikokinsa kuma suka gaji wannan rashi.

Shekara 100 bayan rufe rajistar, wato a 2007, masu jefa ƙuri'a na Cherokee suka gyara tsarin mulkinsu ta yadda sai zuriyar waɗanda aka rubuta ta hanyar jini ne kawai 'yan ƙasa, abin da ya fitar da jikokin 'yantattun bayi. Su kuma suka dogara da wata takardar da ta girmi rajistar, wato yarjejeniyar 1866 wadda a cikinta Cherokee ta ba 'yantattun bayinta dukan haƙƙin ɗan ƙasa. A 2017 alƙalin tarayya Thomas Hogan ya yanke hukunci cewa yarjejeniyar tana nan daram, a 2021 kuma kotun ƙoli ta Cherokee da kanta ta soke sharaɗin jini daga tsarin mulkin. Abin lura shi ne cewa tun 1978 kotun ƙolin Amurka, a shari'ar da ta shafi ƙabilar Santa Clara Pueblo, ta tabbatar wa kowace ƙabila ikon tantance 'yan ƙasarta, amma ma'aunin da yawancinsu ke amfani da shi har yau jerin sunaye ne da jami'an Washinton suka rubuta domin wata manufa dabam. Navajo tana neman rubu'in jini, Cherokee ba ta gindaya adadi ba, sai dai takardun haihuwa da na mutuwa da za su haɗa mai nema da wani suna a rajistar Dawes ba tare da giɓi ba.

A jihar Birjiniya ɓarnar ta fi haka muni. Walter Plecker, wanda ya shugabanci ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na jihar daga 1912 zuwa 1946, ya yi amfani da dokar tsarkin launin fata ta 1924, wadda ta kasa jama'a kashi biyu kacal, farare da waɗanda ba farare ba, ya hana a rubuta kowa a matsayin ɗan asalin ƙasa, har ya sa aka sauya tsofaffin takardu. Da ma'aikatar cikin gida ta tarayya ta fito da ƙa'idojin amincewa da ƙabilu a 1978, waɗanda suka buƙaci shaidar takarda cewa al'umma ta ci gaba da wanzuwa ba yankewa, sai ƙabilun Birjiniya suka tarar an share su daga littattafan da ake so su kawo. Ƙabilar Pamunkey ta samu amincewa a 2016, wasu 6 kuma sai da majalisar dokokin Amurka ta yi musu doka ta musamman a 2018.

Takardun fili da kuɗi suna da nasu labarin, wanda ya faro daga dokar rabon filaye ta 1887. Dokar ta yanka wa kowane magidanci eka 160, gwamnati ta riƙe filin amana a madadinsa, abin da ya rage kuma aka buɗe wa baƙi, har ƙasar ƙabilu ta ragu daga eka miliyan 138 zuwa miliyan 48 a shekarar 1934 da aka dakatar da rabon. Idan mai fili ya rasu ba a yanka filin ga magada, sai dai kowa ya samu kaso a takarda, kason kuma ya riƙa tsagewa daga zuriya zuwa zuriya. Kotun ƙolin Amurka ta kawo misali a wani hukunci na 1987: fili mai eka 40 da ke kawo hayar dala 1,080 a shekara, masu shi mutum 439, kashi ɗaya bisa uku daga cikinsu ba sa samun ko santi 5 a shekara, alhali kuɗin riƙe lissafinsa ya kai dala 17,560. Hayar kiwo da kuɗin man fetur da katako da ake samu daga irin waɗannan filaye suna shiga asusun amana da gwamnati ke riƙe wa mutane ɗaiɗai, kuma ofishin harkokin ƙabilu, wanda aka kafa tun 1824, ya kasa nuna lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita.

Elouise Cobell, 'yar ƙabilar Blackfeet ta jihar Montana wadda ta taɓa riƙe ma'ajin ƙabilarta, ita ce ta shigar da ƙara a 1996 a madadin dubban ɗaruruwan masu asusu, kuma buƙatarta ta farko ita ce a kawo lissafi. A 1999 alƙali Royce Lamberth ya kama sakataren cikin gida da na baitulmali da laifin raina kotu saboda rashin gabatar da takardu, aka kuma gano cewa ma'aikatar baitulmali ta lalata akwatuna 162 na takardu ana tsakiyar shari'a. A ƙarshen 2001 alƙalin ya sa aka katse kwamfutocin ma'aikatar cikin gida daga intanet domin an nuna cewa ɗan kutse zai iya shiga ya taɓa asusun. An sasanta a 2009 kan dala biliyan 3.4, adadin da aka cimma ta hanyar ciniki, tunda takardun da za a yi cikakken lissafi da su sun riga sun salwanta. A cikin wannan dambarwa ne aka buɗe rumbun takardun amana a 2004, a cikin kogon dutse da ke ƙarƙashin ƙasa a garin Lenexa na jihar Kansas, inda ake tara akwatunan da aka kwaso daga ofisoshin yankuna, a jera abin da ke cikinsu, a ajiye su cikin daidaitaccen sanyi.

Daga nan tambayar mallaka ta taso, wadda ita ce matakin farko na rarrabawa a ofishin kowace ƙabila: wannan fayil na tarayya ne ko na ƙabila? Dokar cin gashin kai ta 1975 ta ba ƙabilu damar karɓar asibitoci da makarantu da sauran ayyuka daga hannun tarayya bisa kwangila, don haka a ofis guda za a iya samun takardun amana waɗanda tilas a kiyaye su bisa ƙa'idar Washinton, da takardun ƙabila zalla waɗanda dokarta kaɗai ta hau kansu. Dokar 'yancin samun bayanai ta Amurka ta 1966 ba ta aiki a kan gwamnatocin ƙabilu, amma a 2001 kotun ƙolin Amurka ta yanke, a shari'ar rabon ruwa ta yankin Klamath, cewa takardun da ƙabila ta aika wa ma'aikatar cikin gida ana iya bayyana su ga abokan hamayyarta idan suka nema. Tun daga lokacin lauyoyin ƙabilu ke jan kunnen ma'aikata su yi tunani kafin su miƙa taswirar wurin ibada ko dabarun shari'a ga wani ofishin tarayya. A cikin gida kuwa manyan ƙabilu irin Navajo da Cherokee sun yi nasu dokokin da suka raba takardun da kowane ɗan ƙasa zai iya gani, kamar kasafin kuɗi da kwangiloli, da waɗanda aka kare, kamar bayanan marasa lafiya da shari'ar yara. Inda babu irin wannan doka, ɗan ƙabila yakan rasa hanyar sanin yadda shugabanninsa suka kashe kuɗin jama'a, kuma hakan ba ƙaramin aibi ba ne ga gwamnatin da ta daɗe tana kukan an ɓoye mata lissafi.

Akwai rukuni guda da ba a samun irinsa a jadawalin gwamnatocin jihohi, shi ne ilimin gargajiya mai tsarki. Wasu waƙoƙin ibada da labarai ba a jin su sai a wani lokaci na shekara, wasu na maza ne kawai ko na mata, wasu na zuriya ɗaya, amma masu bincike na ƙarni na 19 da na 20 sun naɗe su, suka ajiye a jami'o'i da gidajen tarihi inda kowa ke iya buɗewa. A 2006 wani taron ma'adana takardu, 'yan ƙabilu da waɗanda ba 'yan ƙabilu ba, ya fitar da ƙa'idojin mu'amala da irin waɗannan kayayyaki, ƙungiyar ma'adana takardu ta Amurka kuma ba ta amince da su a hukumance ba sai 2018, bayan doguwar muhawara kan ko rufe wasu takardu ya saɓa wa aƙidar buɗe ilimi ga kowa. Manhajar Mukurtu, wadda ta samo asali daga aiki da al'ummar Warumungu ta Ostareliya, ta shigar da wannan tunani cikin kwamfuta, ta yadda al'umma ce ke tsara wanda zai ga kowane hoto ko ya saurari kowace murya.

Duk da wannan ci gaba, ƙananan ƙabilu masu mutane 'yan ɗaruruwa ba su da ƙarfin Cherokee ko Navajo, kuma sau da yawa magatakarda ɗaya ne ke riƙe rajista da bayanan zaman majalisa da takardun fili, a ɗakin da ruwa ko gobara ko ɓera za su iya cinye aikin shekaru. Mayar da takardu cikin kwamfuta yana rage wannan haɗari, amma yana zuwa da nasa, domin na'urori suna tsufa, manhajoji suna daina aiki, kamfanin da aka ba ajiya kuma yana iya kasancewa ƙarƙashin dokar wata jiha. Shi ya sa jadawalin da majalisa ta sa wa hannu, da ma'aikacin da aka horar aka kuma biya shi albashi mai tsoka, suka fi sabuwar na'ura amfani. Ƙabilar da ta yi sakaci da waɗannan biyu za ta ci gaba da zuwa Lenexa ko Washinton neman shaidar filinta da ta 'ya'yanta a cikin fayil ɗin da wani ya rubuta ya kuma rarraba yadda ya ga dama.