Lampo da talaka: a wuyan wa nauyin ya fi sauka?

Da an gama girbi, masu gari kan fara zagaye da takardun lampo a ƙauyukan Gure, Gidigir, Kelle da Bune. A lokacin ne ƴan uwanmu da ke ci-rani a Libiya ko Najeriya ke samun kiran waya: a turo na lampo. Shi ya sa muka ga ya dace mu duba yadda wannan kuɗi ke aiki.

Lampon komin kuɗin kai ne. Ana ƙirga mutanen da ke cikin takardar iyali, kowa a ɗora masa daidai da na kowa. Mai raƙuma hamsin da wanda akuya biyu ce dukiyarsa, kuɗinsu ɗaya. A takarda kamar adalci ne. Amma na farko ba zai ma ji ya fitar da komai ba, na biyun kuwa sai ya ɗebi hatsi a rumbu ya kai kasuwa, a kaka, lokacin da tiya ta fi araha. Hatsin nan shi zai dawo ya saya da tsada idan damina ta faɗi.

To, mu dubi zakka, wadda duk mun sani. Ba ta hawa kan mutum sai dukiyarsa ta kai nisabi: tumaki ko awaki 40, shanu 30, raƙuma 5. Wanda bai kai ba, babu komai a kansa, wataƙila ma shi za a bai wa. Wato ana fara auna ƙarfin mutum kafin a karɓa. Wannan ma'auni ne kuɗin kai ya rasa, kuma a ganinmu nan gizo ke saƙar.

Gardamar tsohuwa ce. Bayan farin da ya halaka dabbobi a 1973, gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta zo a 1974, ta soke kuɗin kai na ƙasa, ganin kuɗin yuraniyom na shigowa. A Najeriya ma, a 1979, gwamna Abubakar Rimi na Kano da Balarabe Musa na Kaduna sun soke haraji da jangali.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Komin ba ta da rijiyar kuɗi. Gyaran famfo, rumfunan kasuwa, ɗakin aji, duk daga lampo da tikitin kasuwa ake sa ran wani ɓangare nasu, kuma talaka ya fi kowa dogaro da su, tunda mai hali yana iya kai ɗansa Damagaram neman magani. Akwai kuma harajin da ba ma gani, TVA, kashi 19 cikin 100 a kan yawancin kayan kanti, wanda kowa ke biya ko ya biya lampo ko bai biya ba.

Abin da ke hannunmu a yanzu shi ne takardar iyali. Gidaje da dama na biya wa mamaci, ko tsohon da doka ta riga ta ɗauke masa, don kawai ba a gyara ƙidaya ba. Mai gida na da damar zuwa wurin mai gari ko ma'aikatar magajin gari a gyara sunayen, ya karɓi rasit idan ya biya, ya kuma tambayi abin da aka yi da kuɗin bara.