Gane Muƙamin Ɗan Doka da Ɗan Sanda a Tsohon Hoto

A gidaje da dama akan sami hoton kaka ko mahaifi cikin kayan sarki, amma sau da yawa magada ba su iya bambance dogari da ɗan doka, balle ɗan sanda da soja. Daga nan sai a laƙaba wa mamaci muƙamin da bai riƙe ba, ko a rage masa wanda ya samu da guminsa. Tufafin da ke jikinsa na iya warware wannan.

Matakin farko shi ne a gane rundunar da mai hoton ya yi wa aiki. Dogari na sarki ne, shigarsa babbar riga ce mai ja da kore, da rawani. 'Yan doka kuwa na En'e ne, kowace masarauta da nata, har zuwa ƙarshen shekarun 1960 lokacin da gwamnatin Gowon ta shigar da su rundunar tarayya. 'Yan sandan gwamnati su ne aka haɗe na Arewa da na Kudu a 1930 suka zama runduna guda. Jar dara da gajeren wando ba su isa shaida ba, domin soja ma ya sa su. A dubi bajon hula: hoton giwa na ɗan sanda ne, bishiyar kwakwa kuma ta sojan Afirka ta Yamma ce. A kuma tuna cewa ja yakan fito baƙi a tsofaffin hotuna marasa launi.

Mataki na biyu shi ne damtse. Ƙananan muƙamai da igiya ake gane su, tsari ne da aka gada daga sojan Ingila. Igiya ɗaya ƙaramin kofur ne, biyu kofur, uku saje. Samanja yakan sa kambi a hannun riga. Wanda ba shi da igiya, sai lambar aiki kawai, shi ne farabiti a soja, kwanstabul a 'yan sanda. A nan ake yawan kuskure: igiyar da ke ƙasa kusa da wuyan hannu ta kyakkyawan hali ce da daɗewa a aiki, ba ta muƙami ba. Haka lambobin da ke ƙirji. Da yawa daga waɗanda suka dawo daga yaƙin Bama bayan 1945 sun shiga aikin doka da lambobinsu, don haka lamba tana nuna inda mutum ya yi yaƙi ne kawai.

Manya kuwa a kafaɗa suke ɗauke da alamarsu. Anini na hafsa ne, kambi a kafaɗa na sufuritanda. Shi kansa kambin yana taimakawa wajen sanin shekarar hoto. Fasalinsa ya sauya bayan naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953, kuma an daina amfani da shi bayan Nijeriya ta zama jamhuriya a 1963, mikiya ta maye gurbinsa a baje.

Shugabancin 'yan doka ya sha bamban, domin galibi ɗan sarki ake ba wa. Usman Nagogo ya shugabanci na Katsina kafin ya hau gado a 1944. Ado Bayero shi ne Wakilin Doka na Kano kafin ya tafi jakadanci Senegal, ya dawo ya zama sarki a 1963. Saboda haka, idan aka ga mai rawani zaune a tsakiyar masu kaki, a binciki sarautarsa tukuna.

Malaman makaranta na iya sa ɗalibai su kai irin waɗannan hotuna gaban dattawan unguwa tun suna raye. A rubuta sunan mai hoton da garin da ya yi aiki da lambarsa a wata takarda dabam, kada a yi rubutu da biro a bayan hoton. Da lambar aiki da sunan En'e, ana iya neman ƙarin bayani a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna.