Kunama da tabbatar da aiki a na'urorin AS/400: inda kuskure ke ɓuya

1. Gabatarwa

Maƙasudin wannan ƴar takarda shi ne bayyana wata matsala da ke damun masu kula da rumbun bayanai a na'urorin da kamfanin IBM ya fito da su a 1988 da sunan AS/400, waɗanda tsarin gudanarwarsu ya koma IBM i a 2008. Abin da Faransanci ke kira déclencheur mun fassara shi da “kunama”, kamar ta bindiga: porogaram ne da ke tashi da kansa duk lokacin da aka ƙara, aka sauya ko aka share wani layi cikin fayil. Ana ɗaura shi ga fayil da umurnin ADDPFTRG.

2. Matsalar

Mu ɗauka an rubuta takardar cinikin buhu 20 na siminti, kunama kuma ta rage 20 daga lissafin sito. Sai aka soke cinikin da ROLLBACK. Takardar ta ɓace, amma sito bai komo yadda yake ba, kuma na'ura ba ta nuna wani kuskure ba. Sai ranar ƙidayar kaya a ga giɓin.

Dalili shi ne COMMIT da ROLLBACK suna shafar sauye-sauyen da ke cikin da'irar tabbatarwa guda kawai. Umurnin STRCMTCTL, in ba a faɗa masa wani abu ba, yana ɗaure da'irar ga rukunin ACTGRP na porogaram, ba ga aikin gaba ɗaya ba. Kunamar da ke gudana cikin wani rukuni dabam ta fita daga da'irar.

3. Matakan bincike

Na farko, mu duba ko kowane fayil da kunama ke taɓawa yana cikin rajistar sauye-sauye, wadda ake kunnawa da STRJRNPF. In ba ya ciki, SQL kan ba da saƙon SQL7008 mai lambar dalili 3.

Na biyu, mu tabbata an haɗa kunamar da ACTGRP(*CALLER), domin ta shiga rukunin porogaram ɗin da ya tashe ta.

Na uku, kunama ta buɗe fayilolinta ƙarƙashin tabbatarwa. Na'ura tana miƙa mata matakin kulle na mai kira. Wajibi ne ta karanta shi, ta bi shi.

Na huɗu, mu karanta rajistar da DSPJRN. Sauyin da lambar zagayen tabbatarwarsa ta kasance 0 an yi shi ne a wajen da'ira.

4. Kammalawa

Saƙon CPF502B yana nuna cewa kunama ta faɗi, amma ainihin dalilin yana cikin saƙonnin da suka gabace shi a tarihin aikin. Shawararmu ga ɗalibai ita ce kada su amince da kunama sai sun gwada ta da ROLLBACK, sun kuma ga kowane fayil ya komo yadda yake tun farko.