Hasumiyar da Ta Baro Teku

A kudancin Ingila akwai wani gari a bakin teku, sunansa Plymouth. In mutum ya je can zai ga wata doguwar hasumiya bisa tudu, an shafe ta da ja da fari. Baƙi su kan zo daga nesa, su biya kuɗi su hau. Amma fa ba nan aka fara gina ta ba, a da cikin teku ta ke.

Ga yadda abin ya ke. Fiye da mil 12 daga garin akwai waɗansu duwatsu a tsakiyar ruwa, ana ce da su Eddystone. In teku ta cika sai ta kusa rufe su. Jiragen ruwa su zo da dare ba su gani ba, su yi karo da su, a yi hasarar rayuka da dukiya. Maganin wannan shi ne hasumiya mai fitila, watau dogon gini da a ke kunna wuta a ƙololuwarsa, don matuƙa su hanga su kauce.

Wanda ya fara ginawa shi ne Henry Winstanley, gama jiragensa biyu sun halaka a wurin. Aka kunna fitilarsa a 1698. Ya yarda da aikinsa ƙwarai, har ya yi fatan babbar guguwa ta same shi a ciki. A watan Nuwamba na 1703 ya je gyara, sai ga guguwar da ba a taɓa ganin irinta ba. Da gari ya waye, babu hasumiya, babu mai ita.

Aka gina ta biyu, yawancinta da katako. Ta yi shekara fiye da 40, sa'an nan gobara ta cinye ta a 1755. Akwai wani tsoho mai tsaron fitilar, Henry Hall, shekararsa 94. Yana watsa ruwa sama, baki buɗe, sai narkakkiyar darma ta zubo daga rufi. Ya ce ya haɗiye ta, ba a gaskata shi ba. Da ya rasu bayan kwana 12, likita ya sami curin darma a cikinsa.

To, sai aka kira wani gwanin gini, John Smeaton. Shi kuwa ya lura da manyan itatuwa, yadda su ke da faɗin gindi, suna tsukewa zuwa sama, iska ba ta ka da su. Ku dubi kuka, za ku gane nufinsa. Ya sa aka sassaƙa duwatsu masu ƙarfi, kowane ya shiga cikin ɗan'uwansa ya kama, kamar yadda kafinta ya ke haɗa kusurwar akwati. Ya kuma haɗa wani irin siminti wanda ya kan daskare ko a cikin ruwa. A 1759 aka kunna kyandir 24 a samanta.

Wannan ta yi shekara fiye da 120 tana aiki. Ita kam ba ta gaji ba, dutsen da ke ƙarƙashinta ne ruwa ya zaizaye, har ta riƙa girgiza in raƙuman ruwa sun buge ta. Aka gina sabuwa kusa da ita, aka kunna a 1882.

Mutanen Plymouth ba su yarda a yar da tsohuwar ba. Suka tara kuɗi, aka kwance samanta dutse bayan dutse, aka kawo tudu aka sake ɗorawa, aka buɗe ta a 1884. Gindin kuwa ya ƙi ciruwa, aka bar shi can.

Tsawonta yanzu ƙafa 72, matakalanta 93, ga su ƙunci, sai an hau a hankali. A hanya baƙo zai wuce ƙananan ɗakunan da masu tsaro su ke kwana da dafa abinci. In ya kai ɗakin fitila ran da sama ta yi garau, zai hangi sabuwar hasumiya can nesa cikin teku, siririya kamar allura.