Sabbin masu digiri da neman aiki a lokacin matsin tattalin arziki

Sau biyu cikin shekara biyar tattalin arzikin Najeriya ya shiga halin koma-baya, a 2016 da kuma 2020. A duka lokutan biyu, an yi ta bayar da rahotannin ma'aikatan da aka sallama da masana'antun da aka rufe, amma ba a cika jin ɗuriyar matasan da suka kammala jami'a a daidai lokacin, suka fito neman aikinsu na farko ba.

Dalilin hakan kuwa a fili yake. Idan banki ya sallami ma'aikata 500, jaridu za su buga, ƙungiyar ƙwadago ta yi barazanar yajin aiki, har ma gwamnati ta sa baki, kamar yadda ministan ƙwadago Chris Ngige ya umarci bankuna da su dakatar da korar ma'aikata a watan Yunin 2016. Amma idan bankin ya fasa ɗaukar sabbin ma'aikata 500 da ya saba ɗauka, babu wanda zai kai ƙara, domin babu wanda aka raba da abin da ke hannunsa.

Dakatar da ɗaukar ma'aikata shi ne matakin farko da kamfanoni kan ɗauka idan ciniki ya ja baya, saboda ya fi kora sauƙi da araha. Ita ma gwamnati haka take yi. A watan Maris na 2020, da farashin mai ya faɗi sakamakon annobar korona, gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da ɗaukar ma'aikata, in ban da a fannoni irin su tsaro da kiwon lafiya.

Su kuwa jami'o'i ba sa dakatar da yaye ɗalibai. Hukumar yi wa ƙasa hidima ta NYSC, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, takan ɗauki matasa 300,000 ko fiye a shekara, kuma kowace shekara kusan adadin nan ne ke ajiye kaki su shiga layin neman aiki, bayan waɗanda suka riga su.

Tun kafin farashin mai ya faɗi

Layin dai ya riga ya yi tsawo tun lokacin da ake cewa arziki na bunƙasa. Ranar 15 ga watan Maris na 2014, hukumar shige da fice ta ƙasar ta tara masu neman aiki a filayen wasa domin rubuta jarrabawa. Fiye da mutum 500,000 ne suka nemi guraben da ba su kai 5,000 ba, kuma kowannensu ya biya naira 1,000. Aƙalla mutum 16 suka rasa rayukansu a turmutsutsun da aka yi a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin.

Makonni uku bayan haka ne aka sake lissafin arzikin Najeriya, aka bayyana ta a matsayin ƙasar da ta fi kowace ƙarfin tattalin arziki a Afirka. A lokacin gangar ɗanyen mai ta haura dala 100. Kafin watan Janairun 2016 ya ƙare ta sauko ƙasa da dala 30, jihohi da dama suka kasa biyan albashi, kuma a wannan shekara tattalin arzikin ya ragu da kashi 1.6 cikin 100, abin da ba a gani ba cikin shekara 25.

Tabon da ba ya saurin gogewa

Abin da aka fi ɗauka shi ne wahalar ta ɗan lokaci ce: a yi haƙuri shekara ɗaya ko biyu, al'amura su daidaita, kowa ya samu abin yi. Binciken da masana tattalin arziki suka yi a ƙasashen da ke da cikakkun bayanan albashi ya nuna lamarin bai tsaya nan ba.

A wani nazari da ta wallafa a 2010, Lisa Kahn ta Jami'ar Yale ta bi diddigin Amurkawan da suka kammala jami'a tsakanin 1979 da 1989. Ta gano cewa duk ƙarin kashi 1 cikin 100 na rashin aikin yi a shekarar da mutum ya kammala yana rage masa albashin farko da kashi 6 zuwa 7 cikin 100, kuma bayan shekara 15 ba a gama cike giɓin ba. Wani nazarin da Philip Oreopoulos da abokan aikinsa suka yi a Kanada, wanda ya fito a 2012, ya nuna waɗanda suka fito a lokacin koma-baya sun fara da asarar kusan kashi 9 cikin 100, wadda ta ɗauki kimanin shekara 10 kafin ta gushe.

Yadda abin ke faruwa shi ne, manyan kamfanonin da ke biya da kyau, suke kuma horar da ma'aikata, su ne ke rufe ƙofa. Sai matashin ya karɓi ƙaramin aiki, sau da yawa wanda ba shi da alaƙa da abin da ya karanta. A lokacin da ƙofar za ta sake buɗewa, ilmin da ya fito da shi ya fara dushewa, ƙwarewar da ya tara kuma ba irin wadda ake nema ba ce, ga sabbin ɗalibai sun fito da karatunsu ɗanye. Binciken na Kanada ya nuna cewa waɗanda suka farfaɗo da wuri su ne suka riƙa sauya wurin aiki zuwa wanda ya fi, yayin da waɗanda suka fito daga makarantu ko fannonin da ba a cika rububinsu ba suka fi daɗewa a baya.

Ƙasar Japan ce ta fi ɗanɗana wannan. Manyan kamfanoninta kan ɗauki ma'aikata ne sau ɗaya a shekara, kai tsaye daga aji na ƙarshe na jami'a. Waɗanda suka kammala daga farkon shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2000, bayan durƙushewar kasuwar hannayen jari da ta gidaje, damar ta wuce su, kuma da yawansu ba su sake samunta ba. Japanawa suna kiran lokacin da sunan zamanin ƙanƙarar neman aiki. A 2019, da birnin Takarazuka ya ware gurabe uku kacal domin 'yan wannan rukuni, waɗanda a lokacin suka kai shekara 40 ko suka doshe ta, fiye da mutum 1,800 ne suka nema.

Ƙa'idar shekaru

Abin da ya sa labarin Japan ya shafi Najeriya shi ne ƙa'idar shekarun haihuwa. Tallace-tallacen ɗaukar sabbin masu digiri na bankuna da manyan kamfanoni sukan gindaya cewa kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 27. Hukumomin tsaro da na kwastan su ma suna da nasu iyakokin.

A lissafa yadda rayuwar ɗalibin jami'ar gwamnati take tafiya. Ba kowa ke samun gurbin karatu a shekarar da ya fara rubuta jarrabawar JAMB ba, don haka da yawa kan shiga jami'a suna da shekara 19 ko 20. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aikin wata tara a 2020, ta sake yin na wata takwas a 2022. Wanda ya shiga karatun shekara huɗu a 2018, ke nan, ya yi asarar kusan shekara ɗaya da rabi yana zaune a gida. A ƙara da watannin jiran sakamako da na jiran kiran bautar ƙasa, sannan shekara guda ta hidimar kanta. Irin wannan matashi yakan karɓi takardar sallama yana da shekara 26, wani lokaci ma fiye.

Ma'ana, shekara ɗaya ce ta rage masa, idan ma ta rage. In ta zo daidai da lokacin da kamfanoni suka daina ɗauka, to ko da arziki ya farfaɗo bayan shekara biyu, tallan da zai fito ba da shi ake ba. Takwaransa da iyayensa suka iya biya masa jami'a mai zaman kanta, inda ba a yajin aiki, yakan gama komai yana ɗan shekara 22, da sauran shekaru huɗu na gwada sa'a. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa wasu ke garzayawa kotu su yi rantsuwar rage shekaru, abin da kowa ya san ana yi, ba a dai cika faɗa ba.

Ga matasan arewacin ƙasar akwai ƙarin nauyi. Hedikwatocin galibin bankuna da manyan kamfanoni a Legas suke, kuma ko da yake an mayar da yawancin jarrabawar share fage kan intanet, ganawar ƙarshe takan buƙaci kuɗin mota da na masauki. Masana'antun da a da suke ɗaukar akantoci da injiniyoyi a gida sun ja baya tun da daɗewa. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka kafa a 1957, ta rufe a 2002, ta UNTL ta bi sahu a 2007, kuma masana'antu da dama a Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano sun daina aiki. Abin da ya rage shi ne aikin gwamnati, wanda shi ne ke fara tsayawa da zarar kuɗin da ake rabawa daga Abuja ya ragu.

Inda gurabe suka yi ƙaranci kuma, sai su zama haja. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya binciki zargin sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya, inda wani tsohon jami'in hukumar tabbatar da daidaito wajen rabon muƙamai ya amsa a bainar jama'a cewa ya karɓi miliyoyin naira daga masu neman aiki. Ban da wannan, akwai 'yan damfara da ke buɗe shafukan ɗaukar aiki na bogi da sunan hukumomin gwamnati.

Abin da alƙaluma ke nunawa

A ƙarshen 2020 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce kashi 33.3 cikin 100 na masu iya aiki ba su da aikin yi. A rahotonta na watanni ukun farko na 2023 adadin ya koma kashi 4.1. Ba ayyuka ne suka samu ba, ma'aunin ne aka sauya. A da, sai mutum ya yi aikin sa'a 20 a mako kafin a cire shi daga cikin marasa aiki. A sabon tsarin, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, aikin sa'a ɗaya a mako ya wadatar.

Ke nan mai digirin da ke zaune da na'urar POS a bakin titi, ko yake tuƙa adaidaita sahu, a lissafin hukuma yana da aiki. Duk da haka, sabbin alƙaluman sun nuna wani abin lura: rashin aikin yi ya fi yawa a tsakanin masu ilmin gaba da sakandare fiye da waɗanda ba su yi zurfin karatu ba. Talakan da bai yi boko ba ba shi da halin zama jiran aiki, dole ya fita ya nemi na yau. Mai digiri ne ke jira, sau da yawa a kan ɗawainiyar iyayen da suka kashe abin da suke da shi a karatunsa, suke kuma sa ran ganin sa a ofis.

A jira ko a karɓi abin da ya samu?

Wannan ita ce tambayar da ke gaban kowane matashi da ya gama bautar ƙasa a irin wannan lokaci. Tun daga watan Maris na 2025 alawus ɗin mai yi wa ƙasa hidima ya koma naira 77,000, daga 33,000. Aikin farko da da yawansu ke samu bayan haka shi ne koyarwa a ƙananan makarantu masu zaman kansu, waɗanda sau tari ba sa biyan ko da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, kuma dokar ma ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Sai ya zamana ranar da mutum ya gama hidima ita ce ranar da samunsa ya ragu.

Idan aka yi la'akari da binciken da aka ambata, ƙaramin aiki ba shi ne babban haɗarin ba, daɗewa a cikinsa ne. Wanda ya karɓa, ya ci gaba da nema, ya kuma riƙa ƙara wata ƙwarewa ko takardar shaidar sana'a a fanninsa, yana da abin da zai nuna idan an tambaye shi me ya yi a shekaru biyun da suka wuce. Wanda ya zauna jiran aikin da ya dace da digirinsa ba shi da amsar wannan tambaya, kuma shekarunsa na tafiya.

Gwamnatoci kuwa sun fi karkata ga shirye-shiryen wucin gadi da kiran matasa su rungumi sana'a. Shirin N-Power da aka fara a 2016 ya ɗauki masu digiri 200,000 a karon farko, a kan naira 30,000 a wata, akasarinsu domin koyarwa. An sallami rukunan farko a 2020 ba tare da an mayar da galibinsu ma'aikatan dindindin ba, sannan aka dakatar da shirin a watan Oktoban 2023. Darasin koyon sana'a ya zama dole a jami'o'i, NYSC ma tana da nata tun 2012, sai dai sana'a na buƙatar jari, kuma a ƙarshen 2024, lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5. Da wuya banki ya bai wa matashin da ba shi da abin jingina rance, ko da zai iya biyan irin wannan ruwa.

Batun ƙa'idar shekaru ya kai gaban Majalisar Dattawa a watan Yulin 2023, inda ta buƙaci a hana masu ɗaukar aiki gindaya ta. Sanata Abba Moro ne ya gabatar da ƙudurin, wato mutumin da ke riƙe da ma'aikatar cikin gida lokacin turmutsutsun 2014. Ƙuduri irin wannan dai shawara ce ga ɓangaren zartarwa, ba ya da ƙarfin doka a kan banki ko kamfani.